Kanikancin Lalube Da Motocin Zamani: Darasi Daga Hanyar Gagarawa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Gagarawa zuwa Gumel ranar Alhamis ya san yadda motoci kan yi jerin gwano zuwa Maigatari, inda kasuwar dabbobin nan da ta yi suna a Nijeriya da Nijar take ci. A irin wannan rana ce, da hantsi cikin zafin bazara, motar hayar da na shiga ta mutu murus a tsakiyar titi, daidai lokacin da direba ya fita zai wuce wata babbar mota. Allah Ya kiyaye babu abin da ke tahowa daga gaba. Muka gangara gefe, muka zauna a gindin bishiya har injin ya huce, direba ya murɗa makulli, mota ta tashi kamar ba ita ba.

Direban ɗan garinmu ne, kuma ya shaida mini cewa mako uku ke nan yana wannan fama. An canza fulogogi, an sake famfon mai, an wanke nozul, amma jiya i yau. Daga baya da muka haɗu ya ce sai da ya kai ta Kano, inda wani matashi ya jona mata na'urar bincike, ta nuna lambar P0340, wato matsala a layin sensar kamshaf. Da aka duba, sensar lafiyarta ƙalau. Baƙin mai ne da ke yoyo daga murfin injin ya jiƙa soket ɗinta, sannan waya ɗaya ta goge a jikin ƙarfe. Gyaran bai kai awa guda ba, alhali kuɗin gyare-gyaren baya sun cinye cinikin kasuwanni uku.

Masu iya magana sun ce idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Mafi yawan manyan kanikawanmu sun koyi sana'a ne a kan Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga shekarun 1970. Wannan mota da kafireta da distirbuta take aiki, don haka kunne da ido da ƙwarewar hannu sun isa a gano ciwonta. Motocin Kwatano da suka cika tashoshinmu a yau kuwa, kwamfuta ce ke raba musu mai da wuta, ita kuma ba ta yanke hukunci sai da labarin da sensoci suka kawo mata.

Aikin sensar kamshaf ba shi da wuyar fahimta. Injin mota yana aiki ne a mataki huɗu: ya shaƙi iska da mai, ya matse su, ya ƙona, sannan ya fitar da hayaƙi. Kafin a kammala waɗannan matakai karanshaf yakan juya sau biyu, shi kuwa kamshaf, mai buɗe bawul da rufe shi, sau ɗaya kacal yake juyawa. Ke nan fistin yakan kai ƙololuwa sau biyu, sau ɗaya a ƙarshen matsewa, sau ɗaya a ƙarshen fitar da hayaƙi. Sensar karanshaf tana iya shaida wa kwamfuta cewa fistin ya iso sama, amma sensar kamshaf ce ke bambance mata wace isowa ce, domin ta san silindar da za a fesa wa mai a kuma kunna mata wuta. Idan wannan labari ya yanke, sai mota ta daɗe ana murɗa makulli kafin ta tashi, ko ta riƙa fizga, ko ƙarfinta ya ragu ta hau shan mai, ko ta mutu tana cikin gudu. Wasu motocin sukan lallaɓa da sensar karanshaf kaɗai, wasu kuma ko motsi ba za su yi ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, duk waɗannan alamu sun yi kama da na mataccen fulogi ko raunin famfon mai. Shi ya sa bakaniken da ba shi da abin awo yake komawa lalube cikin duhu, yana saye yana gwadawa da kuɗin mai mota. Alhali tun 1996 Amurka ta wajabta tsarin OBD-II a kan sababbin ƙananan motoci, Turai ta bi sahu a 2001 ga masu shan fetur. Kusan kowace mota da aka ƙera bayan nan tana da soket mai rami 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari, kuma a yau akwai 'yar ƙaramar na'ura da ake jonawa a wurin ta turo bayani zuwa wayar hannu.

Sai dai ita ma na'urar ba boka ba ce. Lambar P0340 unguwar ɓarawo take nunawa, ba ta kama shi ba. Wanda ya ga lambar ya garzaya Ƙofar Ruwa ya sayo sabuwar sensa, shi ma lalube ya yi. Abin da ya dace shi ne a fara auna batir, wanda ya kamata ya nuna kimanin bolt 12.6 idan injin na kashe, domin raunin batir kan sa kwamfuta ta yi ƙarar sensa mai lafiya. Daga nan a zare soket a duba ko mai, ko ƙura, ko tsatsa sun shiga, a bi waya a ga ko zafi ya ƙona ta ko ɓera ya ci. Sannan a sa mita: sensa mai waya uku tana karɓar bolt 5 ko 12 a waya ɗaya, ta biyu ta zama ta ƙasa, ta uku kuma ita ce mai kai saƙo, wadda wutarta ke hawa da sauka idan injin na juyawa. Mai waya biyu kuwa da kanta take samar da wutar saƙonta. Idan ciwon sai injin ya yi zafi yake tashi, to a yi awon yana da zafi. Idan kuma lambar P0016 ce ta fito, ma'anarta kamshaf da karanshaf sun saɓa, don haka a duba ko sarƙar taimin ta saki ko bel ya tsallake haƙori. Wannan ba abin wasa ba ne, domin a injina da yawa fistin kan daki bawul idan taimin ya ɓaci ƙwarai.

Mu masu motoci ma da namu laifin. Mu ne ke sa a feshe injin da ruwa mai ƙarfi har ya shiga soket. Mu ne ke yarda a cire kan batir don fitilar gargaɗi ta mutu, wanda a motoci da yawa yakan share shaidar da za a yi bincike da ita. Wasu ma cewa suke a toshe fitilar baki ɗaya. Kuma mu ne ke zaɓen sensar jabu saboda sauƙin kuɗi, mun manta araha ba ta ado.

A nawa ganin, bai kamata direban Gagarawa ko Sule Tankarkar ya sai ya je Kano kafin a karanta masa lamba ɗaya ba. Jihar Jigawa tana da kwalejojin kimiyya da fasaha a Kazaure da Haɗeja da Dutse. Me zai hana su shirya gajeren kwas da Hausa ga kanikawa da masu gyaran wayar mota, tare da ƙungiyar kanikawa ta NATA da hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci? Ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel kuma za su iya tallafa wa garejoji da na'urar bincike da mita, ko da a matsayin rance ne.

Kafin nan, mai karatu, duk ranar da aka ce ka kawo kuɗin sensa, ka tambayi lambar da na'ura ta nuna, ka kuma tambayi abin da aka auna. Bakaniken ƙwarai ba zai ji haushi ba. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya sa albarka a sana'o'inmu.