Buɗe Murfi Ko Rufewa? Gaskiya Da Jita-Jita Kan Zafin Kwamfuta A Sabon Birni Da Isa

Duk wanda ya taɓa shiga shagon buga takardu a Sabon Birni ko Isa da tsakar rana a watan Afrilu ya san yadda abin yake. Rufin kwano ba silin, janareta na ruri a bakin ƙofa, ɗalibi na tsaye yana jiran takardarsa. Can sai fankar da ke cikin akwatin kwamfuta ta ɗaga murya kamar injin niƙa, allo ya tsaya cak, sai ɗif. Nan take kowa a shagon ya zama likita. Wani ya ce bairos ne, wani ya ce a cire murfi, wani ya ce ai kayan Turawa ba sa jure ranar Gobir.

Abin ya dame ni ne saboda a wannan yanki lalacewar kwamfuta ba ƙaramar asara ba ce. Tun daga 2015 da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan ta kwamfuta, a irin waɗannan shaguna yara da yawa ke fara koyon riƙe linzami. Idan na'ura ta ƙone, sai an kai ta Sakkwato ko Kano, kuma kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki. Ba wanda zai so ya ratsa dajin Gundumi saboda fankar da tsohon burushi zai iya cetowa. Don haka bari mu tankaɗe maganganun nan, mu ware tsaki daga gari.

Na farko, cewa mutuwar farat ɗaya alamar bairos ce ko kwamfutar ta gama yayi. Galibi ba haka ba ne. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, tana da ma'aunin zafi a jikinta. Idan zafin ya kusa digiri 95 zuwa 100, yawancin na Intel da AMD sukan rage gudu da kansu, shi ya sa za ka ga aiki ya fara jan ƙafa. Idan hakan bai wadatar ba, sai ta kashe kanta don kada ta ƙone. Kare kai ne, ba mutuwa ba. Gaskiya ne akwai mugayen manhajoji da ke sa furosesa aikin wahala a ɓoye har ta ɗau zafi, amma kafin ka biya kuɗin goge na'ura baki ɗaya, ka sa ƙaramar manhaja irin HWMonitor ko Core Temp ka ga adadin da idonka. Kyauta suke.

Batun cewa an ƙera kwamfutocin ne don ƙasashen sanyi, a nan akwai ƙamshin gaskiya. Littafin bayanin yawancin kwamfutocin ofis na Dell da HP, irin na gwanjo da ake saro mana daga titin Beirut a Kano, yana cewa a yi aiki da su a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a bazara zafin jihar Sakkwato kan haura 40 a inuwa, ballantana ƙarƙashin kwano. Ke nan tun kafin ka danna makunni, ɗakin ya ƙetare iyakar da maƙeran suka shata. Amma wannan ba ya nufin a naɗe hannu. Abin da yake nufi shi ne mu ba mu da rarar da mutumin Jos yake da ita: ƙurar da kwamfutarsa za ta yafe, tamu ba za ta yafe ba.

Ga kuma abin da nake so mai karatu ya riƙe ko da zai manta da sauran. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Mu mutane muna jin daɗinta ne saboda tana busar da gumi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa saboda naso da take yi a jikinta. Ƙarfe ba ya gumi. Aikin fankar kwamfuta kawai ta kwashe iska mai zafi ta kawo ta ɗaki a madadinta. Idan iskar ɗakin digiri 42 ce, ko fanka goma ka jera, cikin akwatin ba zai sauka ƙasa da 42 ba. Saboda haka gyaran farko a ɗaki yake, ba a cikin na'ura ba: silin ko da na tabarma ne, taga biyu masu fuskantar juna, da raba kwamfuta da injin kwafi, da injin liƙa leda, da imbata da baturan sola, domin dukkansu zafi suke fesowa.

Yanzu babbar gardama, cire murfin gefe. Masu yin haka ba ƙarya suke yi ba idan sun ce sun ga sauƙi. Akwatin da ƙura ta toshe masa kafofi, ko wayoyi suka cunkushe cikinsa, lalle zai huce idan aka buɗe shi, musamman in an saita masa fankar tsaye. Na yarda da wannan a matsayin agajin gaggawa, a ƙarasa aikin mutane kafin la'asar. Amma mayar da shi ɗabi'a kuskure ne. An tsara akwatin ne kamar zaure mai ƙofa biyu: iska ta shiga ta gaba, ta bi ta kan faifan ajiya da allon uwa (babban allon da ke haɗa sassan na'urar) da furosesa, ta fita ta baya. A ƙananan akwatunan ofis har wata robar jagora ake sawa don ta bi da iskar inda ake so. Da ka cire murfi, fankar baya sai ta riƙa zuƙo iska daga ramin da ke kusa da ita ta fitar, wasu sassan kuma su zauna cikin zafi ba mai kai musu ɗauki. Sannan ka buɗe wa hazon hunturu ƙofa. Ƙurar da iskar arewa maso gabas ke kwaso mana daga Sahara tun daga Nuwamba har zuwa Fabrairu laushi gare ta kamar garin alkama. Takan shige tsakanin haƙoran ƙarfen da ke zuƙe zafin furosesa, ta daddale ta zama bargo. Hunturu ke shuka cutar, bazara ta girbe. Ba a maganar ƙadangare da ɓera da gizo-gizo, waɗanda ba sa jiran gayyata.

Jiƙaƙƙen tsumma ko ledar ƙanƙara a kan akwati kuwa, wannan haɗari ne tsagwaronsa. Raɓar da ke taruwa a jikin abu mai sanyi ɗigo ɗaya ya isa ya haɗa wuta a allon uwa. E, akwai kwamfutocin da ake sanyayawa da ruwa, amma ruwan a rufe yake cikin bututu, yana zagayawa zuwa lagireto kamar na mota, kuma shi ma a ƙarshe iskar ɗaki yake dogaro da ita.

Sai masu cewa yawan fanka shi ne magani. Na taɓa buɗe wata na'ura da wani mai gyara ya ƙara wa fanka biyu, duk ya juya su suna hura iska ciki, ba mai fitarwa. Zafi ya rasa hanyar gudu. Alkibla ta fi yawa muhimmanci. Duba gefen fankar, sau da yawa akwai 'yar kibiya da ke nuna inda iska ke bi. In babu, iska na fita ne ta fuskar da ke da sandunan da suka riƙe injin fankar. Ta gaba ta shigo da iska, ta baya da ta sama su fitar. A ƙasa mai ƙura irin tamu, gara mai shigowa ta ɗan rinjayi mai fita, kuma ta biyo ta matata, domin hakan na hana ƙura silalowa ta tsagogi. Ƙyallen gidan sauro zai tare manyan tarkace, amma kada a ninka shi har ya shaƙe iska, kuma a riƙa kakkaɓe shi.

Akwai wani farin mai ko mai ruwan toka da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfenta, don ya cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani. Yakan bushe bayan shekaru, kuma kwamfutocin gwanjo da yawa sun iso mana da shi a bushe. Sauya shi na taimakawa, wannan gaskiya ne. Amma cewa makilin ko basilin ko giris zai maye gurbinsa, ba haka ba ne. Makilin ruwa ne a cikinsa, cikin ɗan lokaci zai bushe ya farfashe. Na ainihin ba shi da tsada, kuma ɗigo kamar ƙwayar wake ya isa. Laftawa da yawa ba ya ƙara komai sai ɓata wuri.

Lulluɓe kwamfuta da zane daidai ne idan an kashe ta. Tana aiki kuwa, shaƙe ta ka yi. Haka tura ta cikin kabad ko manna bayanta da bango. A bar mata aƙalla taƙi guda. A ɗauke ta daga ƙasa a ɗora bisa tebur, domin shara da sawun masu shigowa a nan suke tayar da ƙura.

Wajen shara kuma, a kashe, a zare waya daga soket, a fita da ita waje. A taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa cikinta. A yi amfani da busasshen burushin fenti da abin hura iska, ko da famfon keke ne, a kuma danne fuka-fukan fanka da yatsa kada iskar ta juya ta fiye da ƙima. Kada a hura da baki saboda yawu. Akwatin da ke raba wuta kuwa a hura shi daga waje kawai, kada a kwance shi, domin yakan riƙe wuta ko bayan an zare waya.

Ina roƙon masu shaguna da malaman da ke kula da ɗakunan kwamfuta a makarantunmu, daga Isa har Sabon Birni da Gatawa: kada ku jira sai fanka ta fara kuka. Da zarar hazo ya ɗauke a ƙarshen Fabrairu, ku ware yini ɗaya ku share kowace na'ura, ku duba alkiblar fankokinta, ku mayar da murfinta ku ɗaure, tun kafin zafin Maris ya sauka.