Littafin Bello na nan, maƙalar intanet ta ɓace

Makon jiya ina haɗa aikin da malaminmu ya ba mu, sai na ga sunan wata maƙala a kan shirye-shiryen rediyo ga manoman fadama. Na ce shi ke nan, kakata ta yanke saƙa. Ina danna adireshin sai ga 404. Na koma Google, babu ita babu dalilinta. Mujallar ɗungurungum ta yi layar zana, kuma ba ta kai shekara goma da fitowa ba fa!

Nan take Wurno ta faɗo mini a rai. A can Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, a can kabarinsa yake. Littafinsa Infaƙul Maisuri, da ya rubuta a 1812, har yau ana karanta shi. Me ya tsare shi? Kwafa. Ɗalibi ya kwafa da hannu, wani ya ara ya kwafa, har littafi ya bazu gida-gida. In gara ta ci na wannan, na wancan yana nan. Irin wannan taskar Waziri Junaidu ya riƙe a Sakkwato, wadda Murray Last ya dogara da ita wajen littafinsa na tarihin Daular Usmaniyya da ya fito a 1967.

Ba wai takarda ba ta mutuwa ba ne. Mutanen Goronyo da Wurno da Rabah ba su manta ambaliyar 2010 ba. Ruwan da ya rushe gidajen ƙasa, me zai bar wa takardun da ke cikin gafaka? Shi ya sa ake cewa a mayar da komai kwamfuta.

To amma ɗora abu a intanet daban, adana shi daban. Mujalla tana zaune ne a kan sabar da ake biya wa haya. In kuɗi suka yanke, ko edita ya yi ritaya da kalmar sirri a kansa, zance ya ƙare. Mikael Laakso da abokan aikinsa sun gano mujallun ilimi na kyauta sama da 170 da suka ɓace daga intanet tsakanin 2000 da 2019. A 2024 kuma Martin Eve ya duba maƙalu fiye da miliyan bakwai masu lambar DOI, ya tarar sama da kashi ɗaya cikin huɗu ba sa cikin manyan rumbunan adanawa.

Maganin da Turawa suka samo, wallahi dabarar malamanmu ce. Tsarin LOCKSS, da aka fara a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1999, ma'anar sunansa ita ce yawan kwafi ke tsare abu: ɗakunan karatu da dama kowa ya riƙe nasa, na'urorinsu na gwada kwafin da juna, wanda ya lalace a gyara shi. Akwai kuma CLOCKSS da Portico, masu ajiye mujallu su buɗe su in mawallafi ya durƙushe. Mujallar da ke amfani da manhajar OJS tana iya shiga rumbun PKP kyauta.

Wani zai ce ina ruwana, ni ba farfesa ba ne. Da ruwanka. Binciken da aka yi a kan albasar Goronyo ko shinkafar fadamar Wurno, in ya ɓace, ƙanenka zai faro daga tushe, a sake kashe kuɗi da lokaci. Wanda ke neman ƙarin girma da maƙalar da ba a iya gani kuwa, ya shiga uku.

Ga abin da ba ya cin ko sisi. In ka samu maƙala, sauke ta, ka ajiye a wuri biyu, ba waya kaɗai ba. In ta kyauta ce, saka adireshinta a Wayback Machine. In ka gama furojet, tambayi laburare ko suna da rumbun ajiya na intanet. Sashenku na fitar da mujalla? Tambayi edita cikin ladabi: Malam, in shafin nan ya mutu gobe, ina sauran kwafin suke?

Ni dai maƙalar tawa har yanzu ina cigiya.