Ba Turawa Suka Koya Wa Halima Kuka Ba

Akwai maganar da ta zauna a bakin wasu masu wasan kwaikwayo a Sakkwato, daga ɗalibai har masu barkwanci a waya: wai zancen "daidaiton jinsi" da "cin zarafin mata" kayan aro ne na Turawa, don haka ba laifi a ɗauko tsohon wasa mai ban tausayi, a cusa wa matar ciki waɗannan kalmomi, jama'a su sha dariya. Kishin al'ada ke motsa su, ban musa ba. Gaskiya ne kuma Hausar tarurrukan ƙungiyoyi sau da yawa lami ce, tsohuwa a Mabera ba za ta tsinci komai a ciki ba.

Amma 'yan'uwa, ku sake karanta Uwar Gulma na Mohammed Sada, wanda ya fito a 1968. Halima, matar da ke cikin wasan, ba ta taɓa zama a zauren taro ba. Azabar mijinta Hayatu ce ta sa ta kuka. In kun sa mata Hausar ƙungiyoyi a baki don a yi dariya, wa ake yi wa dariyar? Ita ce a kan dandali. Matar da ke kallo da tabon duka a ƙarƙashin mayafi ta koyi darasi ɗaya: in ta buɗe baki, za a ce boko ya lalata ta.

Kuma a garin nan ne za a ce kukan mace baƙo ne? Shehu Usmanu, a Nurul Albab, ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa ƙungiyar mata ta 'Yan Taru, tana naɗa jagororinta, wato jajoji, da malfa suna kai karatu ƙauyuka.

A 2021 jihar Sakkwato ta sami dokar hana cin zarafi, amma doka ba ta aiki sai mace ta iya tsayawa gaban alƙali ba tare da jin kunya ba. In zambo kuke so, ga jami'in da ke taro a otal da sunan mata, ya karɓi alawus, bai taɓa taka ƙauye ba. Ku rubuta masa nasa wasan.