Opera da Hokin Ƙanƙara: Abubuwa Biyu da Mutanen Prag Ba Sa Wasa da Su

A watan Afrilun 2004, wani tsohon gidan wasa da ke tsakiyar Prag, babban birnin Jamhuriyar Cek, ya nuna wasan da ya bar baƙi riƙe da baki. Gidan ba ƙaramin wuri ba ne a tarihin kiɗan Turai, domin a nan ne Mozart da kansa ya tsaya gaban makaɗa ranar 29 ga Oktoban 1787 ya jagoranci nunin farko na operarsa mai suna Don Giovanni. To a wannan dandali ne aka fito da mawaƙa a matsayin 'yan wasan hokin ƙanƙara, suna rera labarin yadda ƙasarsu ta ci zinare a gasar Olamfik ta 1998. Sunan operar Nagano, wato garin Japan da aka yi gasar. Martin Smolka ne ya tsara kiɗan, kuma maimakon ya raba ta babi-babi yadda aka saba, sai ya raba ta yadda ake raba wasan hoki: zagaye uku da ƙarin lokaci.

A ƙasashe da yawa ana ɗaukar masu son waɗannan abubuwa biyu a matsayin mutanen da ko hanya ba ta haɗa su ba. Mai zuwa opera shi ne ɗan ƙwalisa mai kwat da laktaye, wanda ke danne tari har sai an kai aya. Mai zuwa hoki kuwa shi ne mai ihu da buga ganga, wanda ke tashi tsaye in aka maka wani da bango. A ƙasar Cek wannan rabon bai cika aiki ba. Ba wai kowane mai kallon hoki ne ke sauraron opera ba, amma wanda ya ce yana son duka biyun ba wanda zai yi masa kallon mai tabin hankali. Dalilin yana cikin tarihinsu, kuma wani ɓangarensa yana cikin irin daɗin da mai kallo ke nema.

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera kusan duk maganganunsa, makaɗa na rakiya daga wani rami da ke gaban dandali. A Italiya aka ƙirƙiro ta wajen shekarar 1600, a fadojin masu mulki, sannan a 1637 aka buɗe gidan farko a birnin Benis inda duk mai kuɗin tikiti zai iya shiga. Abin da ya fi ɗaure wa sabon shiga kai shi ne ba a amfani da lasifika. Mace ɗaya za ta tsaya, makaɗa sittin ko fiye suna ta aiki a gabanta, amma muryarta ta ratsa su ta isa kunnen wanda ke kujerar ƙarshe a bene na sama. Ba ƙarfin huhu kaɗai ba ne. Shekaru ake kwashewa ana horar da maƙogwaro da numfashi har muryar ta sami wani kaifi a daidai inda sautin kayan kiɗa ke da rauni, sai ta bi ta wannan kafa ta fita.

Hokin ƙanƙara kuma a Kanada ya zama wasa mai doka. A birnin Montreal aka buga wasan farko da aka shirya cikin rufaffen zaure, ranar 3 ga Maris ɗin 1875. Filin daskararren ruwa ne, tsawonsa kusan mita 60, an kewaye shi da bango. Kowane ɓangare mutum shida ne har da gola, kowa sanye da takalmi mai wuƙar ƙarfe a ƙasa, riƙe da sanda mai lanƙwasa. Ba ƙwallo suke bi ba, wani ɗan faifan roba ne baƙi mai tauri, nauyinsa bai wuce giram 170 ba, wanda ake daskararwa kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. In ƙwararre ya doka shi, gudunsa na iya wuce kilomita 150 a awa. Zagaye uku ake yi na minti ashirin-ashirin, kuma saboda tsananin gudu da ƙyar ɗan wasa ke cika minti guda a fili kafin ya tsallake bango wani ya canje shi, wasa na ci gaba. Wanda ya yi ƙeta a zaunar da shi minti biyu a wani ɗan keji, 'yan uwansa su yi ta fama da ƙarancin mutum ɗaya.

Idan aka tambaye ni abin da ya haɗa mai son wannan da mai son wancan, sai in ce fargaba. Dukansu sun biya kuɗi ne su ga ɗan Adam yana yin abu mai wuya a gaban idonsu, ba tare da damar sakewa ba. Mai son opera ya san inda babbar murya take a cikin waƙa. Tun saura baiti biyu zuciyarsa ke bugawa, ko mawaƙin zai kai ko zai karye. Ba kuma gaskiya ba ne cewa masu zuwa opera salihai ne. A gidan La Scala na birnin Milan, masu zama a saman bene sun yi suna wajen yi wa mawaƙi ihu, kuma a Disambar 2006 sun yi wa shahararren mawaƙi Roberto Alagna haka har ya yi fushi ya fice daga dandali ana tsakiyar operar Aida. Bambancin kawai shi ne lokacin da aka yarda a yi hayaniya. A zauren kiɗan kilasika ba a tafi tsakanin sassan kiɗa ɗaya, sai an kai ƙarshe. A filin hoki shiru ne abin kunya.

Amma a Prag lamarin ya wuce jin daɗi. Shekaru ɗaruruwa ƙasar tana ƙarƙashin sarakunan Ostiriya, Jamusanci ne harshen ofis da na manyan gari, harshen Cek kuwa ana masa kallon na ƙauyawa da barori. A ƙarni na 19 masu kishin harshen suka ƙuduri gina gidan wasa nasu na kansu, inda za a rera opera da Cek. Karo-karo aka yi. An aza harsashi a 1868, aka buɗe shi a Yunin 1881 da operar Libuse ta Bedrich Smetana. Wata biyu kacal bayan haka gobara ta cinye rufin da dandalin. Maimakon gwiwa ta yi sanyi, sai aka sake buɗe asusu, talaka da mai kuɗi kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, aka sake buɗe gidan a Nuwambar 1883. Har yau a saman dandalin akwai rubutun da ke cewa al'umma ce ta yi wa kanta.

Shi wannan Smetana labarinsa akwai ban tausayi. A 1874 ya kurumce gaba ɗaya, kuma a cikin kurumtar ne ya rubuta babban aikinsa, jerin kiɗa shida da ya kira Ƙasata, ya kammala a 1879. Na biyu a cikinsu shi ne Vltava, sunan kogin da ya ratsa Prag. Babu waƙa ko kalma ɗaya a ciki, amma labari ne daga farko har ƙarshe. Sarewa ce ke farawa can ƙasa-ƙasa, tana kai-komo, alamar idon ruwa a tsakiyar daji. Wani abin busa ya shigo, idon ruwa na biyu ke nan. Da suka haɗu sai masu goge su ɗauki babban amon, kogi ya kama hanya. Can sai ka ji ƙaho, mafarauta ne a gaɓa. Sai kiɗan rawar bikin aure na ƙauye. Sai dare ya yi, komai ya lafa. Daga nan ruwan ya faɗa cikin duwatsu, ganguna da kakaki suka kaure, kafin ya fito da faɗinsa ya shiga birni. Mutumin da ya tsara wannan duka bai taɓa jin sa da kunnensa ba.

Kiɗan ya zama abin da Cekawa ke komawa gare shi duk lokacin da aka danne su. A 1939, sojojin Hitila na cikin gari, aka buga Ƙasata a wancan gidan wasa na karo-karo, masu sauraro suka miƙe suka rera taken ƙasa. Jagoran makaɗa Rafael Kubelik ya bar ƙasar a 1948 da 'yan gurguzu suka karɓe mulki, ya ƙi dawowa shekara 42. A 1990, bayan faɗuwarsu, ya dawo yana tsoho ya jagoranci wannan kiɗa a bikin kiɗa na bazara na Prag. Bikin tun 1946 ake yin sa, kuma al'adarsa ita ce a buɗe shi ranar 12 ga Mayu, ranar rasuwar Smetana, da Ƙasata.

Hoki ma irin wannan kaya ya ɗauka, sai dai nasa ya fi zafi. Cekoslobakiya, wato ƙasar da Cek take ciki a lokacin, ta zama zakaran duniya a 1947 da 1949. A 1950 gwamnatin gurguzu ta hana tawagar tafiya Landan kare kambinta, ta kama 'yan wasa da dama bisa zargin shirin tserewa da cin amanar ƙasa. Golansu Bohumil Modry shekara 15 aka yanke masa. Sai kuma Agustan 1968, lokacin da tankokin Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta suka shigo suka murƙushe yunƙurin sassauci na jagoran ƙasar, Alexander Dubcek. Gasar duniya ta 1969 a Prag aka shirya yin ta, aka mayar da ita Stockholm ta ƙasar Suwidin. A can Cekoslobakiya ta haɗu da Sobiyet sau biyu cikin watan Maris, ta doke ta duka biyun, 2 da nema, sannan 4 da 3. Wasu 'yan wasan sun liƙe jan tauraron da ke rigarsu. A gida dubban ɗaruruwa suka fantsama tituna, aka farfasa ofishin kamfanin jiragen saman Sobiyet da ke dandalin Wenceslas a Prag. Mosko ta sami hujjar da take nema. A Afrilu aka sauke Dubcek aka ɗora Gustav Husak. Abin dariya, Sobiyet ɗin ce ta ɗauki kofin a ƙarshe, Cekoslobakiya ta zo ta uku. Ba wanda ya damu da wannan a Prag. Ɗan wasan hoki Jaromir Jagr, wanda sai a 1972 aka haife shi, lamba 68 ya zaɓa ya goya a bayansa duk tsawon wasansa, don tunawa da 1968.

Da wannan tarihi a zuciya suka kalli Nagano. Shi ne karon farko da babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada, wato NHL, ta saki taurarinta su je Olamfik, kuma kowa ya ba Kanada zinaren tun ba a fara ba. Tawagar Cek ƙarƙashin koci Ivan Hlinka ta fitar da Amurka da ci 4 da 1, ta faɗa hannun Kanada a wasan kusa da na ƙarshe. Cek na gaba da ɗaya, saura kamar minti guda a tashi, Trevor Linden ya farke. Ƙarin lokaci bai raba gardama ba, aka tafi bugun ɗaya-ɗaya, inda ɗan wasa ke tahowa shi kaɗai daga tsakiyar fili, daga shi sai gola. Robert Reichel ya fara wa Cek, faifan ya daki ƙarfe ya shige. Sauran aikin na Dominik Hasek ne, golan da ba ya bin ƙa'idar kowa: yakan yar da sanda, ya kwanta rigingine, ya mirgina, ya tare da duk gaɓar da ta samu. Mutum biyar Kanada ta turo, Fleury da Bourque da Nieuwendyk da Lindros da Shanahan, babu wanda ya ci. Wayne Gretzky, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a tarihin NHL a lokacin, yana zaune a benci, kocinsa bai sa shi cikin biyar ɗin ba.

Wasan ƙarshe, ranar 22 ga Fabrairun 1998, da Rasha aka yi, kuma ko marubucin opera ba zai tsara fiye da haka ba. Da asuba ne a Prag, cikin sanyin hunturu, amma dandalin tsohon gari ya cika da masu kallo a manyan allunan talabijin. Ci ɗaya tak aka yi, a zagaye na uku, kuma wanda ya ci shi ne Petr Svoboda, mai tsaron baya da ya tsere daga mulkin gurguzu a 1984 yana ɗan shekara 18. Jama'a suka yi ta kiran a kai Hasek fada, wato a ba shi shugabancin ƙasa.

Bahaushe bai kamata ya yi mamakin a mayar da irin wannan rana waƙa ba, tunda a fagen dambe makaɗi da ɗan wasa tare suke, kuma da yawa sun san Shago ne ta bakin Ɗan Anace. Abin da Smolka ya yi ke nan da kayan aikin garinsu. Ra'ayina shi ne masu ganin opera ta ƙasƙanta da ta taɓa hoki ba su fahimci opera ba. Tun asali abincinta ke nan: jarumi, abokin gaba mai ƙarfi, tsohuwar gaba, da taron jama'a masu amshi.

Har yanzu duka biyun na da kasuwa a ƙasar mai mutum miliyan goma da ɗoriya. A Mayun 2024, daidai lokacin da bikin bazara ke murnar cika shekara 200 da haihuwar Smetana, Prag da Ostrava suka karɓi gasar hoki ta duniya, 'yan kallo kusan 800,000 suka shiga, adadin da ba a taɓa samu ba a gasar. Cek ta doke Suwizalan 2 da nema a wasan ƙarshe, David Pastrnak ne ya fara ci. Mai karatu da ke son ɗanɗanawa ba sai ya nemi biza ba. Vltava wajen minti goma sha uku ce, bugun ɗaya-ɗaya na Nagano bai ma kai haka ba, kuma dukansu suna nan a intanet. A fara da kogin, a sa abin ji a kunne, kada a tsallake sarewar farko.