Ƙafarka ba ta kai ƙasa a kan babur? Fara da soson kujera

Duk mai hawa babur da Allah bai ba shi tsawo ba ya san wannan fargabar: danja ta tsayar da kai, ka miƙa ƙafa, sai ɗan yatsa kawai ya taɓo kwalta. Idan akwai yashi a wurin ko ka ɗauko wani a baya, sai dai ka ji ku a ƙasa, salansa ta ƙona maka ƙwauri, abokai kuma su sami abin tsokana na mako guda.

Gajere dai ba yaro ba ne. Matsalar ita ce babura irin su Boxer, kujerarsu tana kai kusan santimita 80 daga ƙasa, kuma kamfani bai auna ƙafar kowa ba kafin ya ƙera. Kai ne za ka daidaita shi da jikinka.

Gyara mafi sauƙi yana wurin masu ɗinkin kujerar babur. Za su yaye ledar, su rage soson, su mayar. Santimita 2 zuwa 3 sun isa ka ji bambanci. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, faɗin kujera ma yana cinye tsawon ƙafa, domin yana buɗa cinyoyi. Don haka ka ce a feƙe gefe da gefen gaba, wajen da ta haɗu da tanki. Ka tsaya a yi a gabanka, ana ragewa kana hawa kana gwadawa. Idan aka zaftare soson da yawa, tafiyar rabin awa za ta gagare ka zama.

Daga nan sai wurin bakanike. Shakzoba ta baya a babura da yawa tana da matakai da ake murɗawa. Idan aka sassauta ta, babur zai ɗan ƙara zama idan ka hau. Amma fa a daidaita ɓangarorin biyu, kuma idan kana ɗaukar kaya ko fasinja kada a sassauta sosai, don za ta riƙa dukan ƙarshe a kowane rami. Wanda ya sa aka sauke babur ɗin gaba ɗaya, ya sani cikinsa zai fi saurin gogar tudun rage gudu, kuma jak ɗin gefe zai yi masa tsawo, sai an rage shi.

Kada ka manta da hannu. A ɗan karkato kan babur zuwa gare ka, a gyara zaman birki da kuloci yadda yatsunka za su kama ba tare da miƙewa ba.

Abu ɗaya da ba a yi: sace iskar taya don babur ya yi ƙasa. Wannan yana sa shi lilo a kwana, ya cinye tayar, ya ƙara shan mai.

Sauran kuma sabo ne. Ba dole ƙafa biyu su sauka ba. In za ka tsaya, ka ɗan zame zuwa hagu, ka kafa ƙafar hagu sosai, ta dama tana kan birki. Ka duba inda za ka taka tun kafin ka tsaya, ka ajiye silifas ka sa takalmi mai kauri, hular kwano kuma tana kai. Ka gwada haka a fili sau da yawa kafin ka shiga cunkoso.