Masallacin Jenne: Ginin Ƙasa Mai Jan Baƙi Daga Ko'ina

Duk wanda ya isa birnin Jenne na ƙasar Mali ran Litinin, watau ranar kasuwa, zai tarar da filin gaban Babban Masallaci cike da masu busasshen kifi da shinkafa da gishiri. In ya ɗaga kai kuwa, sai ya ga hasumiya uku sun tasar wa sama, kowace da ƙwan jimina a ƙololuwarta. Wannan shi ne ginin ƙasa mafi girma a duniya, wanda a da masu yawon buɗe ido sukan tsallako teku domin su gani.

Jenne tana bakin kogin Bani, kuma tun zamanin da fatake suke kai da kawowa tsakaninta da Tumbuktu. Bisa ga tarihin baka, wani sarkin garin mai suna Koi Konboro ne ya fara gina masallaci a wurin, wajen ƙarni na 13, bayan da ya musulunta. A ƙarni na 19 Shehu Ahmadu Lobbo na Masina ya gina wani dabam, aka bar tsohon ya zube. Wanda ke tsaye yanzu an gama shi a 1907, zamanin mulkin Faransa, a hannun shugaban maginan garin, Isma'ila Traore. A 1988 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin jerin kayan tarihin duniya.

Mutumin Kano ko na Zariya ba zai ji baƙunci ba a gaban wannan gini, domin tubali ne da yaɓe irin waɗanda ya sani. An ɗora shi bisa dakali mai tsayin kamar mita 3 saboda ambaliya, ginshiƙai 90 ne kuma suke riƙe da rufinsa. Sandunan giginya da suka leƙo daga jikin bango, ɗan kallo yakan ɗauka ado ne kawai, alhali kuwa su ne matakalar magina ranar yaɓe.

To, wannan rana ta yaɓe ita ce ran masallacin. Kowace shekara kafin damina akan kwaɓa laka da ƙaiƙayin shinkafa, a bar ta ta tsimu a ramuka. Da ranar ta zo, mata su ɗebo ruwa, samari su yi ta tsere da kwandunan laka unguwa-unguwa, magina su hau su shafe bangon da hannu, dattawa kuma suna zaune suna duba aiki. Ba wasa ba ne, gama a watan Nuwamba na 2009 ruwan sama na kwana guda ya rusa saman ɗaya daga cikin hasumiyoyin, sai da aka sāke gina ta.

A nan ne ya kamata maziyarci ya yi hattara. Mutanen Jenne ba su ɗauki wurin nan gidan kallo ba, wurin sallarsu ne wanda suke tsare shi da guminsu. An hana waɗanda ba Musulmi ba shiga ciki, ana kuwa danganta haka da hotunan tallan tufafi da wata mujallar Turawa ta ɗauka a wurin cikin shekarun 1990, abin da ya ɓata wa jama'a rai ƙwarai. Haka nan a 2006 hargitsi ya tashi a garin sa'ad da aka hangi masu binciken gyara a kan rufin.

Sai dai kuma garin yana bukatar baƙi. Tun da rikici ya ɓarke a Mali a 2012 ƙafarsu ta ɗauke, 'yan rakiya da masu masauki da masu sayar da kayan hannu suka shiga wani hali. A 2016 UNESCO ta sa Jenne cikin wuraren tarihi da ke cikin haɗari.

Saboda haka mai karatu, in Allah ya kawo zaman lafiya har ka sami zuwa, ka sa tufafin mutunci, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton kowa, kada kuma ka tare wa masallata hanya. In kai Musulmi ne, ka tuɓe takalmi ka shiga ka yi raka'a biyu. In ba haka ba, kallo daga kasuwa ma ya isa abin ba da labari a gida.