Bola Jari Ta Shiga Wayar Hannu

Duk wanda ya kwana biyu a Ikko ya san 'yan gwangwan. Tun da sassafe suke bin unguwa-unguwa da kurarsu suna sayen tsohon ƙarfe da gwangwani da gorar ruwa, wasu kuma suna tsince-tsince a babbar bolar Olusosun ta Ojota. Da yawansu samarin Arewa ne.

Aikin nan ba ƙarami ba ne. Kaya na fitowa daga masana'anta zuwa kasuwa, su kuwa su ne ke mai da shi inda ya fito. Ƙarfe ya tafi masana'antun Ikorodu da Ogijo a narke shi a yi rodi. Gorar roba a niƙe ta a yi zaren da ake cusa wa matashin kai. In babu su, da yawan kayan nan a kwata za su ƙare, su toshe hanyar ruwa da damina.

To, yanzu zamani ya shigo sana'ar. A 1980 mai kura ihu yake yi a ji shi, yau kuwa waya ce ke kira. A shekarar 2012 Bilikiss Adebiyi-Abiola da abokan aikinta suka kafa Wecyclers a Ikko. Suka fara da kekuna masu ɗaukar kaya, ma'aikaci ya je gida ya ɗora shara a sikeli, a rubuta nauyin a kwamfuta, sai saƙo ya shigo wayar mai gida cewa ga makin da ya samu. In maki ya taru a musanya masa da kayan masarufi ko kuɗi.

Amfanin rubutun nan shi ne kamfani ya san unguwar da ke tara kaya da ranar da ya kamata a je, watau ba a yawon banza, ba a ƙona mai a banza, ba gardamar awo.

Abin dubawa ga 'yan gwangwan shi ne, gidan da ya saba da saƙon waya da wuya ya tsaya jiran mai kura. Amma su ma sun san lungu da saƙo, sun san farashi. Wanda ya ba magidanta lambarsa, ya riƙe sikeli na gaskiya, ya yarda a biya ta waya, ba mai ƙwace masa cinikinsa da sauƙi. In kiɗa ya canja, dole rawa ta canja.